AN SAMO MAGANIN SIKILA, AMMA DON WA?

Wannan jawabi ne da wani ɗan'uwa likita, masanin cututtukan jini, ya gabatar wa matasa a wani zama da aka yi albarkacin ranar masu cutar sikila ta duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa 19 ga watan Yuni na kowace shekara. A sha karatu lafiya.

Bayan ya yi sallama ya gode wa Allah, Likitan ya fara da cewa da wuya a samu mutum ɗaya a wurin wanda bai san gidan da ake da mai amosanin jini ba, wato abin da aka fi sani da sikila. Ko ƙanensa ne, ko ɗan maƙwabta, ko wani abokin karatu da ake yi wa kallon rago saboda yawan fashin makaranta, alhali kuwa yana can gida kwance, ƙasusuwansa kamar ana sara su da gatari. Ya ce labari biyu ya zo da su, ɗaya daga wani asibiti a Amurka, ɗaya kuma daga asibitocin Kano da Kaduna. In aka jera su gefe da gefe, za a gane abin da ake nufi da adalci a sha'anin lafiya, a kuma gane inda aka rasa shi.

MENE NE SIKILA?

Likitan ya ce kafin a shiga labarin, sai an fara sanin ita kanta cutar. A cikin jinin mutum akwai jajayen ƙwayoyi masu siffar faifai, masu taushi, waɗanda aikinsu shi ne ɗaukar iskar da muka shaƙa su rarraba ta ga sassan jiki. Sinadarin da ke riƙe iskar a cikinsu shi ake kira himogulobin. To shi mai sikila, nasa sinadarin ya zo da ɗan canji, don haka da zarar iska ta yi ƙaranci sai ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta maƙale a ƙananan hanyoyin jini. Duk inda jini ya kasa isa, nan ciwo zai tashi. A hankali kuma saifa da ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa su riƙa samun illa. Sannan lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120 tana aiki, ita kuwa mai siffar lauje daga kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Wannan ne ya sa kullum za ka ga yaron jininsa ya yi ƙasa, idonsa ya yi rawaya.

Ya ce, 'yan'uwa su riƙe wannan da kyau: sikila ba kamun maye ba ce, ba shafar aljanu ba ce, kuma ba a ɗaukarta ta cin abinci tare. Gadonta ake yi, rabi daga uba, rabi daga uwa. Mai AA ba ya ɗauke da komai. Mai AS yana ɗauke da rabi, amma lafiyarsa ƙalau. Mai SS shi ne mai cutar. In mai AS ya auri mai AS, to kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Ya ja kunne cewa wannan ba ya nufin in sun haifi huɗu ɗaya ne kawai zai zo da ita. Kamar ƙuri'a ce da ake sake jefawa a kowane ciki, tana iya faɗawa a kan 'ya'ya uku a jere, tana kuma iya tsallake su duka.

Dalilin da ya sa ta yi yawa a ƙasashenmu kuwa, ya ce tun 1954 wani mai bincike, Anthony Allison, ya nuna a gabashin Afirka cewa mai AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Saboda haka duk inda sauro ya yi sarauta, masu AS suka fi rayuwa suka hayayyafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da AS, kuma ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar a kowace shekara. A Amurka gaba ɗayanta kuwa, masu cutar, manya da yara, kimanin 100,000 ne. Ka ga ke nan abin da muke haifa a shekara ɗaya ya fi duk waɗanda suke da su.

SHEKARA 88 ANA JIRA

Likitan ya ci gaba da cewa a 1910 ne wani likita a birnin Shikago mai suna James Herrick ya fara rubuta bayanin cutar a littattafan asibiti, bayan ya duba jinin wani ɗalibi baƙar fata. A 1949 Linus Pauling ya gano cewa matsalar a himogulobin take, kafin 1960 kuma an san ainihin wurin da canjin yake. Wato tana cikin cututtukan gado da aka fara sanin sirrinsu. Amma maganin farko da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi domin sikila bai zo ba sai 1998, shekara 88 bayan rubutun Herrick.

Ya ce wannan jinkiri yana da alaƙa da su wane ne masu cutar. A Amurka mafi yawansu baƙaƙen fata ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Wani bincike da aka buga a 2020 ya kwatanta sikila da wata cutar gado ta huhu wadda ta fi kama fararen fata. Masu waccan cutar ba su kai rabin masu sikila yawa ba, amma kuɗin binciken da gwamnati ke kashewa a kan kowane mutum ɗaya nasu ya ninka na mai sikila fiye da sau uku. Ban da haka, an daɗe ana kokawa cewa mai sikila yakan je asibiti can yana murƙususu, a bar shi yana jira saboda ana zargin ɗan ƙwaya ne ya zo neman allura.

LABARIN FARKO: NASHBIL

Daga nan sai ya shiga labarin farko. Ya ce tun 1948 wata likitar yara a Niyok, Janet Watson, ta lura cewa jariri mai sikila ba ya nuna alamar cutar a watanninsa na farko. Dalili shi ne jariri yana zuwa duniya da wani himogulobin na daban, na zaman ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Bayan haihuwa sai jiki ya rufe shi ya buɗe na manya, a nan ne wahala take farawa. A 2008 masu bincike a Boston, ƙarƙashin Stuart Orkin, suka gano makunnin da ke rufe wannan jini na jarirai. A 2012 kuma wasu mata biyu, Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna, suka fito da wata dabara mai suna CRISPR, wadda take kamar almakashi ne da ake aikawa ya yanke daidai wurin da ake so a cikin ƙwayar halittar gado. Wannan aiki ya ba su kyautar Nobel a 2020.

Sai aka haɗa biyun: a yi amfani da almakashin a lalata makunnin, jiki ya koma yin jinin jarirai. A watan Yuli na 2019, a asibitin TriStar Centennial da ke birnin Nashbil, wani likita mai suna Haydar Frangoul ya yi wa wata mata, Victoria Gray, uwar 'ya'ya huɗu daga jihar Misisifi, wannan aiki. Ita ce mai sikila ta farko da aka yi wa. Matar da ta saba kwanciya asibiti sau da yawa a shekara, ciwon ya daina tasar mata. A gwajin da aka miƙa wa hukuma, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda cur ba tare da mummunan ciwo ya tashi ba. Ingila ta amince da maganin a Nuwamba 2023, Amurka ta bi a ranar 8 ga Disamba na wannan shekara. Sunansa Casgevy.

Likitan ya ce wannan babbar ni'ima ce, kuma duk wanda ya taɓa kwana a gefen gadon mai sikila ya san haka. Amma ya ce 'yan'uwa su saurari yadda ake yin sa. Da farko za a tatsi uwayen ƙwayoyin jini na ɓargon majinyaci, wani lokaci sai an yi zama fiye da ɗaya. A kai su ɗakin bincike a gyara, abin da kan ɗauki watanni. Sannan a ba shi magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, wanda zai kashe tsohon ɓargon, wanda kuma yana iya hana shi haihuwa. Bayan nan a mayar masa da gyararrun ƙwayoyin, ya yi makonni a killace a asibiti, don a wannan lokaci ƙaramar cuta ma tana iya kashe shi. Duk wannan yana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, da jini mai tsafta a ajiye, da ƙwararrun ma'aikata dare da rana.

Kuɗinsa kuwa, kamfanin ya sa masa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, ban da kuɗin kwanciya. Wani makamancinsa da aka amince da shi a rana ɗaya, Lyfgenia, dala miliyan 3.1. Likitan ya ce in aka yi lissafi a kan naira 1,500 kowace dala, na farkon ya kama naira biliyan 3.3. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, in bai ci ba bai sha ba, sai ya yi kusan shekara 4,000 yana tarawa. Ya ce an ƙiyasta cewa a 2021 an haifi jarirai sama da 500,000 da sikila a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a Afirka kudu da Sahara. Wato magani yana gabas, masu ciwo suna yamma. Ko a Amurkan ma, talakan da ke nesa da manyan asibitoci, wanda ba zai iya barin aikinsa na watanni ba, da sauransa.

Ya ƙara da cewa akwai tsohuwar hanyar warkewa, wato dashen ɓargo daga ɗan'uwa na jini wanda ɓargonsu ya dace. An fara yin sa a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ma ya fara a 2024. Sai dai shi ma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, kuma ba kowa ke samun wanda ya dace da shi ba.

LABARI NA BIYU: KANO DA KADUNA

A nan ne Likitan ya ce 'yan'uwa su gyara zama, don labari na biyu ya fi kusa da su. Cikin mafi munin abin da sikila ke yi wa yaro akwai shanyewar ɓarin jiki. In ba a ɗauki mataki ba, kusan ɗaya cikin goma na masu SS sukan gamu da wannan kafin su kai shekara 20. Akwai wata na'ura da ake kira TCD, wadda ake ɗora wa yaro a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ba allura, ba zafi. In gudun ya yi yawa, to jijiyar ta tsuke, yaron yana cikin haɗari. A 1998 aka tabbatar a Amurka cewa in ana yi wa irin waɗannan yara ƙarin jini duk wata, haɗarin yana raguwa da kusan kashi 90 cikin 100.

To amma, in ji shi, ina mu ina ƙarin jini duk wata, a ƙasar da mace mai haihuwa ma sai an yi ta kiran dangi kafin a samu leda ɗaya? Wannan ne ya sa likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, cikinsu har da Shehu Umar Abdullahi da Najibah Galadanci, suka haɗa hannu da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, wadda ita ma a birnin Nashbil take. Tambayarsu ita ce: ko ƙwayar magani mai araha za ta iya tsayawa a madadin ƙarin jini? Maganin shi ne haiduroksiyuriya, wato wanda aka amince da shi a 1998. Aikinsa shi ne ƙara wa jiki wancan jini na jarirai, kusan abin da Casgevy ke yi ke nan, sai dai shi kullum ake sha, kuma sauƙi yake kawowa, ba ya warkarwa.

Daga 2016 aka ɗauki yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 waɗanda na'ura ta nuna suna cikin haɗari, a asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala a Kano, da na Barau Dikko a Kaduna. Aka raba su biyu, wasu ana ba su kaɗan, wasu matsakaici, gwargwadon nauyinsu. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa bayan an bi su fiye da shekara biyu, yara takwas ne kawai ɓarin jikinsu ya shanye. A binciken Amurka na 1998 kuwa, irin waɗannan yara da ba a yi wa ƙarin jini ba, kusan goma cikin ɗari ne ke shanyewa a kowace shekara. Masu shan matsakaici kuma sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Wani binciken da aka yi a kan yara kimanin 600 a Angola da Kwango da Kenya da Uganda shi ma ya nuna maganin yana rage ciwo da zazzaɓin cizon sauro da mace-mace. Kuma ana yin sa a nan Nijeriya.

Ya ce akwai abin da ya fi wannan araha. Tun 1986 aka tabbatar cewa ba wa ƙaramin yaro mai sikila fenisilin kullum yana rage mummunar cutar da ke shiga jini da fiye da kashi 80 cikin 100. Amma sai an san yaron yana da ita tun yana jariri. A Amurka duk jaririn da aka haifa ana gwada shi, shi ya sa fiye da kashi 90 cikin 100 nasu suke kaiwa girma. A Kumasi ta ƙasar Gana an fara gwada jarirai tun 1995 ƙarƙashin Kwaku Ohene-Frempong. A mafi yawan garuruwanmu kuwa, ba a sanin yaro yana da ita sai hannu da ƙafa sun kumbura, wasu ma har a binne su ba a san me ya kashe su ba.

Likitan ya ce a nan ne ma'aunin adalci yake. Ya dace a yi ta kira da a sauko da farashin sabon magani, a kuma zuba kuɗi a binciken da zai mai da shi allura ɗaya da za a iya yi a ƙaramin asibiti. Amma yaron da ya mutu bana a ƙauye, rashin ɗigon jini ɗaya na gwaji, da fenisilin, da rigakafi, da gidan sauro ne ya kai shi. Wannan kuwa hakki ne a wuyan masu riƙe da dukiyar jama'a, waɗanda in kansu ya yi ciwo sai su hau jirgi.

TAMBAYA

Da aka ba da damar tambayoyi, wani matashi ya miƙe ya ce, Likita, ta yaya za a amince da bincike a kan yaranmu bayan abin da ya faru a Kano lokacin sanƙarau? Likitan ya ce, ɗan'uwa, tambayarka tana kan hanya. A 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana, a gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran, daga bisani a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ya ce darasin shi ne a san tambayoyin da za a yi. An yi wa uba da uwa bayani da Hausa sun gane? An gaya musu suna iya ƙi, kuma a ci gaba da duba ɗansu? Kwamitin ɗa'a na asibitin ya amince? Likitocin gida ne ke jagoranci? In an gama, maganin zai tsaya a nan a farashin da za a iya saye? Binciken da ya amsa waɗannan namu ne. In kuwa muka rufe ƙofa gaba ɗaya, sai a yi ta auna magani da jikin wasu a kawo mana.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

A ƙarshe ya juyo kan matasa ya ce mafi yawansu ba su yi aure ba, don haka mabuɗin yana hannunsu. Kowa ya je ya yi gwajin jinotayif tun yanzu, kafin ya fara zuwa zance, a ɗakin gwaji amintacce, in da hali a maimaita a wani wurin. Ya ce kada a rikita shi da rukunin jini na O ko A ko B, wannan daban wancan daban. A kuma lura da AC, domin in ya haɗu da AS ana iya haifar SC, ita ma sikila ce. Jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, amma gwajin da aka yi saura mako guda ɗaurin aure, bayan an kai lefe an raba goro, shi ne ke sa mutane sayen takardar ƙarya. Wanda ya yi haka, 'ya'yansa ne za su biya.

Ya ce mai AS ya nemi AA. Mai SS ma yana iya auren AA, 'ya'yansu su zo AS lafiya lau, saboda haka a daina gudun su, a daina kiran su da sunayen da ke nuna ba za su yi tsawon rai ba. Wanda ke da ƙane ko ɗa mai sikila ya kai shi asibitin da ke da sashen masu sikila, ya tambayi gwajin TCD tun daga shekara 2, ya kuma tambayi likita game da haiduroksiyuriya. Ya yi gargaɗi cewa kada kowa ya saye shi a kemis ya ba yaro, don sai ana auna jini lokaci-lokaci. A kula da ba shi ruwa sosai, a kare shi daga sanyin hunturu da sauro, in zazzaɓi ya kama shi a garzaya asibiti a ranar. Sannan ya roƙi masu ƙoshin lafiya su saba da ba da jini kyauta, su haɗa kansu unguwa-unguwa a san rukunin jinin kowa, don kada a riƙa neman mai bayarwa da tsakar dare.

Ya rufe da addu'ar Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba iyayensu juriya, ya kuma jiƙan waɗanda suka riga mu. Bayan an tashi, matasa da dama sun tsaya sun rubuta sunayensu domin zuwa gwaji.